Wata 14 ina jinga a harkar gem, yanzu wani kamfani ya kira ni intabiyu

Ɗan Hayin Dogo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka riga mu shiga harkar nan.

Wasunku sun san ni. Na gama sashen zane-zane a ABU, tun bayan bautar ƙasa ban samu aikin ofis ba. Wata 14 ke nan ina ƙera kayan cikin gem, wato wasan kwamfuta, da manhajar ƙera siffofi ta Blender: kujeru, akwatuna, ganguna, ƙofofi, fitilu, duk tarkacen da mai buga gem ke wucewa ta gefensu bai ko ɗaga ido ya kalla ba. Kuma ba masu gem ɗin nake yi wa kai tsaye ba. Wani ɗan ƙaramin kamfani ne, dillali, ke karɓo aikin ya rarraba mana. Jinga ce zalla: a turo jerin kaya, ka ƙera, su duba, in sun karɓa a biya ka bayan kwana 30. In ba su karɓa ba ka gyara, gyaran kuma ba ko kwabo.

Satin jiya wani kamfanin gem a Polan ya amsa takardata. Na yi magana ta minti 20 da matar da ke ɗaukar musu ma'aikata. Ta ce abin da ke gaba jarrabawar zane ce: tsohuwar rijiya da gugarta, kada ta wuce alwatika 8,000 (ƙananan siffofi masu kusurwa uku da ake harhaɗawa a gina kowane kaya a kwamfuta), kwana bakwai, ba biya. In na ci, sai ganawa da shugaban masu zane.

Inda gizo ke saƙar: duk aikin da na yi a wata 14 ɗin nan na sa hannu cewa ba zan nuna wa kowa ba. Ga shi kuma ina da jerin kaya 12 da zan miƙa wa dillalin nan ƙarshen wata. In na zauna wa rijiya kwana bakwai, jingar za ta makara. In saki jingar? In ƙi jarrabawar? Kuma in sun tambayi albashi, nawa zan ce?

Bakano a Samaru:
Wa alaikumus salam. Ni dai da na ji ana cewa kana aikin kwangila, na ɗauka a ƙarƙashin gadar Kwangila kake lodin fasinja. Ashe rijiya kuke haƙawa a cikin kwamfuta. Zage-zagi ba ku da dama.

Ɗan Hayin Dogo:
Kai da Baba duk ɗaya kuke. Ranar da na ce masa ni ɗan kwangila ne, sai ya tambaye ni nawa buhun siminti yanzu.

Kawun Sabon Gari:
Yaro, shekara 29 na yi ina aikin gwamnati, ban taɓa jin inda aka ce mutum ya yi aikin mako guda kyauta kafin a duba ko za a ɗauke shi ba. Ko birkila ka kira ya gwada maka, ai ka ba shi na abinci. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Wanda ke biyanka yanzu, ko a makare ne, shi ne naka.

Injiniyan PZ:
Kawu, Allah ya ƙara girma, maganarku tana kan hanya, amma a wannan sana'ar jarrabawar zane abu ne da aka saba, manya da ƙananan kamfanoni duk suna yi. Mu masu rubuta kod ma ana ba mu namu. Abin dubawa shi ne girmanta. Rijiya ɗaya da guga, wannan jarrabawa ce. Ranar da aka ce ka ƙera kasuwa guda da rumfuna 20, kuma ka turo asalin fayilolin duka, to ba gwada ka ake yi ba, ƙodago ake ci da guminka.

Ƙanena, ka lura da lambar nan 8,000. Ba kyan rijiyar kaɗai za su duba ba. Katin hoto na kwamfuta alwatika yake lissafawa, kuma gem ɗin da ke tafiya lafiya yana sake zana allon sau 30 ko 60 a daƙiƙa guda. Kowane abu da rabonsa. So suke su ga ko ka san inda ake kashe alwatika da inda ake tsuke hannu. Bakin rijiyar da ido zai sauka a kai, nan za ka sake. Gindin da ke cikin ƙasa, wanda ba mai gani, ka share shi gaba ɗaya. Zanen tsagewar dutse da zaren igiya kuwa ba da alwatika ake yinsu ba, a kan fatar da ake lulluɓa wa siffar, wato hoton da ake manna mata, ake zana su. Ka san wannan, wata 14 kana yi. Ina tuna maka ne don masu jarrabawa da yawa zumuɗi ke kwasarsu su wuce iyaka, a jefar da aikinsu ba a ko buɗe shi da kyau ba.

Maganar lokaci kuma, rubuta wa matar kamfanin yau. Ka ce kana da alƙawarin aiki a hannu da ba ka son saɓawa, kana roƙon kwana 12 maimakon bakwai. Ni ban taɓa ganin wanda aka kora don wannan ba. Kamfanin da zai ji haushi don ka ƙi yin watsi da amanar wani, gara ka san halinsa tun yanzu.

Kawun Sabon Gari:
To ai ga ta nan. Ni dama abin da nake gudu ya zubar da na hannu.

'Yar Gyallesu:
Ni gwaji nake yi, wato a ba ka gem kafin ya fita, ka yi ta buga wuri ɗaya sau ɗari kana neman inda zai lalace, ka rubuta rahoto a Jira, manhajar da ake tara rahoton matsaloli. Mutane suna ji ka ce ana biyanka ka buga gem sai su ce ka huta. Na taɓa yin kwana uku ba abin da nake yi sai sa wani soja ya yi ta gogar bango, ko akwai inda zai faɗa ta ciki.

Abin da zan ƙara, kada kalmar dindindin ta ruɗe ka, Yaya. A watan Janairun 2024 kaɗai Microsoft ta sallami mutum 1,900 daga ɓangaren gem, wata uku bayan ta kammala sayen kamfanin gem na Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69. A watan ne Unity ta rage kusan 1,800, Riot Games 530. Wata na gaba Sony ta sallami 900 daga PlayStation. Kafin su Epic Games, masu Unreal da Fortnite, sun sallami 830 a Satumbar 2023. Waɗannan duk masu katin ma'aikaci ne a wuya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san sauran.

Bakano a Samaru:
Hajiya, gemu ko gem?

'Yar Gyallesu:
Duka biyun, Malam. Kai dai shafa ruwa.

Injiniyan PZ:
Gaskiya ne, amma kada mu haɗa su a kwano ɗaya. Wanda aka sallama daga waɗannan kamfanonin yakan tafi da kuɗin sallama, sunansa yana cikin jerin waɗanda suka yi gem ɗin, kuma jaridu sun ƙirga shi. Ɗan jinga ba a sallamarsa ma. Saƙo ne kawai ke daina zuwa. Ni na gani da idona: shekara biyu ina yi wa wasu aiki, ranar wata Litinin na tashi na ga an cire ni daga ɗakin hirar ma'aikata, ko sai anjima babu. Ba wanda ya ƙirga ni a cikin kowace lamba.

'Yar Gyallesu:
Wannan haka yake. Mu masu gwaji mun fi kowa sani. Ai abin da ya tayar da rigima a Raven Software, wani reshen Activision Blizzard, ke nan a Disambar 2021, da aka ce za a rabu da wasu masu gwaji 'yan kwantiragi, abokan aikinsu suka ajiye aiki. A Mayun 2022 suka kaɗa ƙuri'a suka kafa ƙungiyar ƙwadago. A tsakanin nan Activision Blizzard ta sanar da mayar da masu gwaji kusan 1,100 ma'aikatan dindindin, mafi ƙarancin biya dala 20 a awa. Amma a Amurka aka yi wannan. Mu da ke Gyallesu da Hayin Dogo, wa zai ajiye aiki dominmu?

Lauyan Kongo:
Bari in sa baki ta ɓangaren takarda, don a nan ake cin mutanenmu.

Da farko, Malam, kada ka yi mamaki in ka ci komai da komai sannan takardar da za su turo ta sake kiranka ɗan kwantiragi. Kamfanin da ba shi da rajista a Nijeriya ba ya iya sa ka cikin jerin albashinsa haka kawai. Ko dai su ɗauke ka ka koma can da bizar aiki, ko su bi ta kamfanonin da ke tsayawa a matsayin mai ɗaukar aiki a madadinsu, irin su Deel, ko kuma su ba ka kwantiragi kana nan Samaru. Na ukun ya fi musu sauƙi da araha. Ka tambayi matar kamfanin tun yanzu wanne suke nufi, tambaya ce ta hankali, ba rashin kunya ba ce.

Bambancin ba a suna ya tsaya ba. A dokar fansho ta 2014, ma'aikaci a nan gida ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, mai aikin ya ɗora kashi 10. Ɗan kwantiragi ba mai ɗora masa komai. Hutun shekara babu, ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai babu biya, asibiti daga aljihunka, laftof da data da batirin sola duk naka, haraji ma kai za ka bi da kanka. Don haka kuɗin ɗan kwantiragi dole ya ɗara na ma'aikaci a wata, in ba haka ba faɗuwa yake yi bai sani ba.

Sai yarjejeniyar riƙe sirri da ka sa wa hannu. Kada ka karya ta. Kada ka ce ai a ɓoye zan nuna musu a intabiyu. Wanda ka nuna wa sirrin wani ya riga ya san abin da za ka yi da nasa. Amma ɗauko takardar ka sake karantawa a tsanake. Da yawansu suna hana nunawa ne kafin gem ya fita, ko kuma sai da izini a rubuce. In gem ɗin ya fita, rubuta wa dillalin ka nemi izinin sa hoto uku ko huɗu a ArtStation, shafin da masu zane ke baje aikinsu. In ya ƙi, nemi wasiƙa mai layi biyar da ke cewa ka yi musu aiki daga wata kaza zuwa wata kaza, ka ƙera kaya kaza. Wannan ba sirrin kowa ba ne.

Ɗan Hayin Dogo:
Barista, na gode ƙwarai. Gem ɗin ya fita tun watan jiya. Na zauna na kalli jerin sunayen ƙarshe a YouTube, minti 11, har da sunayen karnukan ma'aikata a wajen godiya. Sunan kamfanin dillalin ya fito layi ɗaya. Namu babu. Akwai wata fitilar ƙwai da na kwana uku a kanta, ga ta nan rataye a farkon gem ɗin, ina gani ina nuna wa ƙanwata, ta ce to ina shaida?

Injiniyan PZ:
Ƙanwarka ta yi tambayar da shugaban masu zane zai yi. Ciwon jinga ke nan, ba ƙarancin kuɗin ba. Kana tara ƙwarewa, ba ka tara shaida. Ƙungiyar masu yin gem ta duniya, IGDA, tana da ƙa'idojin sa suna, amma shawara ce, ba doka ba, ba mai tilasta wa kowa. Daga yau duk takardar da za ka sa wa hannu, ka nemi a rubuta abu biyu a ciki: sunanka a jerin, da izinin nuna aikin bayan fitowa. A lokacin ciniki ake samun wannan, bayan an gama ba mai sauraronka.

To yanzu me ke cikin ArtStation ɗin naka?

Ɗan Hayin Dogo:
Bindiga biyu, takobi, da wata mota da na yi tun ina makaranta. Sai wani zaure da na fara ban gama ba.

Injiniyan PZ:
Bindiga da takobi! Mutumin nan ya ga bindiga dubu a wannan shekarar. Wane zaure?

Ɗan Hayin Dogo:
Irin na cikin birni ne. Na je Ƙofar Doka da wajen fada na ɗauki hotuna, na yi ginin tubali da zankwaye a sama, dagi a goshin ƙofa, rufin azara. Na so in yi bakan gizo a ciki irin na tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina, sai aiki ya taso na ajiye.

Injiniyan PZ:
Subhanallahi. Kana zaune a kan wannan kana tallan takobi? Gama shi. Ko rijiyar tasu ma, in ba su ba ka hoton da za ka bi sak ba, kada ka yi ta Turawa mai rufin katako. Yi wadda ka sani: bakin da igiya ta ci har ta yi masa kwari, gugar roba ta tsohuwar tayar mota, gansakuka a gefen da ruwa ke zuba. In sun ba da hoto kuwa, bi hotonsu, don bin umarni ma yana cikin abin da ake gwadawa.

Malam na Tudun Jukun:
Ni ba sana'ata ba ce, ɗana ne ke koyo shi ya sa nake zauren. Tambaya ɗaya nake so a yi kafin a kai ga albashi: wane irin gem suke yi? Wasu sunansu gem, cikinsu caca ce. Akwai kuma akwatunan nan da yara ke saye da kuɗi ba su san abin da zai fito ba, wanda hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce caca ne tun 2018. Mutum ya san inda guminsa ke zuwa. Kuma ka faɗa musu maganar Juma'a tun farko, kada sai an ɗauke ka ka fara ɓuya.

Ɗan Hayin Dogo:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na duba, gem ne na gina ƙauye da noma, sau ɗaya ake saye a Steam, shagon sayar da gem na intanet. Dalilin da ya sa ma na tsaya a kan kayan gini da tarkace ke nan tun farko, hankalina ya fi kwanciya.

'Yar Gyallesu:
Juma'a ba ta taɓa zame min matsala ba, sau ɗaya na faɗa aka sa a kalanda. Agogo ne ya taɓa kayar da ni. Turai suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Da sanyi lokacinmu ɗaya da Polan da Jamus, da zafi sun riga mu da awa guda. Ni ban sani ba. An sa min intabiyu farkon Afrilu ƙarfe uku, na yi wanka na shirya na zauna ƙarfe uku na Zariya, ashe mutane sun jira ni sun tashi. Ka bar kalandar waya ta juya maka lokacin, kada ka yi lissafi da ka.

Kuma ka tanadi layi biyu na kamfani daban-daban, ka cika batir tun dare. In aka ɗauke wuta kada a tayar da janareto a bayan tagarka.

Bakano a Samaru:
Saura kuɗi. Duk kun zagaye kun bar nama. Ni ɗan kasuwa ne, a Kwari na tashi: mai kaya ba ya fara faɗin kuɗi in yana da hali. Ka ce su taya. In sun taya ka ce albarka ko da ya yi maka, sai ka ga an ƙara.

Injiniyan PZ:
Yau dai Bakano ya faɗi ta hankali. Ka tambayi matar kamfanin nawa suka ware wa kujerar, yawanci akwai iyaka ta ƙasa da ta sama, kuma sukan faɗa. In ta matsa sai ka faɗa, to ga kuskuren da na yi a 2022 kada ka maimaita: na lissafa abin da zai ishe ni a naira, na juya shi dala na faɗa, har da roƙon a rubuta da naira don in san abin da ke shigowa. Da aka saki naira a Yunin 2023, kuɗin ya narke a hannuna ina kallo, aikin kuma bai ragu ba. A rubuta da yuro ko dala. Ka tambayi ta inda za su turo, kamfanin tura kuɗi na Payoneer ne ko asusunka na kuɗin waje, da wanda zai ɗauki cajin turawa. In jinga ce mai tsawo, ka nemi kafin alƙalami, ko a raba biyan kashi-kashi. Kuma a rubuta sau nawa za ka yi gyara kyauta. Biyu ya isa.

Wani abu kuma, tunda yara suna karantawa: duk kamfanin da ya yi maka intabiyu ta rubutu kawai a Telegram, ya ce an ɗauke ka, sannan ya ce ka tura kuɗin kayan aiki, ɓarawo ne. Ka duba adireshin imel ɗin ya dace da shafin kamfanin.

Kawun Sabon Gari:
Ni har yanzu kwana bakwai kyautar nan ba ta kwanta min ba. Amma tunda kun ce haka garin yake, Allah ya ba da sa'a. Ka dai gama wa mai kaya 12 kayansa.

Ɗan Hayin Dogo:
Jama'a, na dawo da labari bayan sati uku, ku yi haƙuri da shirun.

Sun ba ni kwana 12 ba musu. Na miƙa jingar, na yi rijiyar a alwatika 7,640, da gugar taya. Zauren ma na gama shi, ban yi barcin kirki ba. Ganawar ta ɗauki minti 50, mutum biyu. Rijiyar minti biyar kawai suka yi a kanta, ɗayan ya ce igiyar ta ci alwatika fiye da ƙima, kuma gaskiyarsa. Sauran lokacin duk a kan zauren ya ƙare. Shugaban ya tambayi me ya sa bangon ya fi kauri a ƙasa, me ƙahonnin nan na saman suke yi, me ya sa azarar take jere a karkace a kusurwa. Na ce masa azara ba ta da tsawon da za ta haye ɗaki mai faɗi ita kaɗai, shi ya sa magina ke cin kusurwa da ita tukuna su rage faɗin. Ya ce in sake faɗa a hankali yana rubutawa. Da suka zo kan wata 14, na ce akwai takardar sirri, ga wasiƙar dillali. Ya gyaɗa kai kawai ya wuce.

Ana tsakiyar haka akuyar maƙwabta ta shigo tsakar gida tana kuka, sai da na ce su yi min uzuri.

Barista, maganarku ta tabbata. Jiya takarda ta zo: kwantiragin wata shida, kai tsaye ba dillali, biya duk wata da yuro, wai in an ga hali a sabunta. Na ce albarka kamar yadda Bakano ya koyar, sun ƙara kaɗan. Sun yarda da suna a jerin. Izinin nuna aiki ne suka ce sai sun tambayi lauyansu. Akwai kuma wani sashe na 9 da ya ce ba zan yi wa wani kamfanin gem aiki ba muddin ina tare da su, har da wata shida bayan mun rabu. Ban sa hannu ba tukuna.

Lauyan Kongo:
Kada ka sa. Suna kiranka ɗan kwantiragi, suna ɗaure ka kamar ma'aikaci, har da wata shida na zaman banza ba biya. Ka nemi a cire na bayan rabuwa gaba ɗaya, na lokacin aikin kuma a taƙaita shi ga gem irin nasu. Turo min sashen ta akwatin saƙona in gani, ka rufe sunan kamfanin. Ina Kongo gobe har la'asar in ka fi son ka zo da ita a hannu.

Bakano a Samaru:
La'adata fa? Albarkar nan tawa ce.

Ɗan Hayin Dogo:
Sai kuɗin farko ya shigo, bayan kwana 30. Barista, ina tafe bayan azahar in sha Allah.